Ina Baguddire Ina Teku? Tunatarwa Kafin Kogi Ya Kawo



Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Azare, sai wani ƙaninmu da ya gama sakandare ya ce yana so ya nemi makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom. Kafin ya rufe baki majalisa ta ɗauki dariya. Wani ya ce masa, "Kai yaro, ina Baguddire ina teku? Ka nemi aikin jinya ko malanta ka huta." Ni ma da ni aka yi dariyar. Amma da na koma gida sai abin ya tsaya mini a rai, har ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da nake so in faɗa shi ne: wannan tunani da muke da shi, cewa mu mutanen tudu ne, ruwa da jirgi ba harkarmu ba ce, kuskure ne a tarihi. Kuma da a tarihi kawai ya tsaya da da sauƙi. Kuskure ne da muke biyan kuɗinsa da rayukan 'ya'yanmu kusan kowace damina.

Mu fara da bakinmu. Kafin Bahaushe ya ga dogo, kafin ya ga abin da ke tashi sama da mutane, yana da kalmar "jirgi", kuma abin da yake nufi da ita shi ne icen da aka fafe ana shiga a ƙetare ruwa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kakanninmu suka dubi wannan abu mai hayaƙi suka ce ai jirgi ne, amma na ƙasa. Da na sama ya zo suka ce jirgin sama. Ke nan kwalekwale shi ne uba, sauran duk sunansa suka ara. Har gobe idan wahala ɗaya ta haɗa mutum biyu sai ka ji an ce jirgi ɗaya ya kwaso su. Mutanen da ba su san ruwa ba, ba za su gina magana a kan jirgi haka ba.

Sai mu leƙa maƙwabta. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, a gefen kogin Komadugu Gana, wanda shi ne kogin da ya ratsa ta ƙasar Misau. Da ya yi zurfin kamar mita biyar sai ya ci karo da wani ice mai tauri. Labari ya kai ga hukuma, daga nan ya kai ga masana. A 1994 Farfesa Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da ke Jamus, tare da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri, suka jagoranci tono shi. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya ɗan haura mita takwas, faɗinsa kamar rabin mita. Da aka auna shekarun icen a ɗakunan bincike na Turai sai aka samu ya kai kimanin shekara 8,000.

Mu ɗan tsaya a nan. Wannan shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa tonowa a nahiyar Afirka baki ɗaya, kuma yana cikin 'yan ƙalilan mafi tsufa a duniya. Shahararren jirgin Fir'auna Khufu da aka tono a gindin dalar Giza ta Masar, wanda masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su gani, shekarunsa kamar 4,500 ne. Na Dufuna ya girme shi da sama da shekara 3,000. Masanan da suka duba shi sun yi mamakin yadda aka fiƙe goshinsa da bayansa, aka sassaƙe cikinsa ya yi siriri, a zamanin da babu gatarin ƙarfe. Suka ce wannan ba aikin ɗan koyo ba ne, aikin mutanen da suka daɗe suna gadon sana'ar ne. A wancan zamani Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa, kuma wannan yanki namu cike yake da fadamu da ƙoramu. Ba na cewa wanda ya sassaƙa jirgin Bahaushe ne ko Babarbare ko Bakarkare, domin wannan tun kafin a san waɗannan sunaye ne. Amma a kwarin ruwanmu ya rayu, ruwan da muke sha shi ya sha. Yau jirgin yana Damaturu. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa ganinsa? Makaranta nawa ce a Azare ta taɓa kwasar ɗalibai ta kai su?

Shi kansa tsohon garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, ai a bakin kogi aka dasa shi. Kogin nan da muke kira na Jama'are, wasu su ce Bunga, daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratso ƙasar Bauchi, ya bi ta Jama'are da Katagum, ya je ya haɗu da na Haɗeja a wajen Gashuwa, suka zama Komadugu Yobe, suka zuba a Tafkin Chadi. Sai a zamanin Turawa, a 1916, aka dawo da fadar Sarki nan Azare. Ina ganin tun daga wannan ƙaura hankalinmu ya fara barin kogi ya koma kan titi. Amma 'yan uwanmu na Zaki da Gamawa da Itas da Gadau da Shira ba su yi ƙaura ba. Suna nan a bakin ruwa, da masuntansu da masu fitonsu da sarakunan ruwansu.

Teku kuwa, ko ba mu je mata ba ita ta zo mana. A watan Janairun 1824 wasu Turawan Ingila biyu suka sauka a Katagum daga Borno, zamanin Sarki Ɗankauwa. Ɗaya shi ne Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa. Ɗayan Walter Oudney, likita ne da ya yi aiki da sojan ruwa, kuma a garin Murmur kusa da Katagum ya rasu ranar 12 ga watan. Me ya kawo mutanen teku cikin ƙasar da ba ta da teku? Neman inda kogin Kwara ya nufa suke yi, domin sun san duk wanda ya gane bakin kogin ya samu ƙofar shigowa da jiragensa. Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa karo na biyu ya rasu a Sakkwato a 1827. Yaronsa Richard Lander ne ya bi kogin daga Busa har teku a 1830. Bayan shekara biyu jiragen hayaƙi suka fara shigowa. Daga nan sai kamfanin ciniki, daga kamfani sai soja, har aka kafa tutar Ingila a Lokoja a 1900, Kano ta faɗi a 1903. Wato mulkin mallakar da ya sauya rayuwar kakanninmu ta ruwa ya biyo.

Su ma kakannin namu ba su tsaya kallo ba. Alhazan ƙafa da suka bi ta Borno da Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru a hanya, ƙarshen tafiyarsu jirgin ruwa ne daga Sawakin ko Fot Sudan, su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Alhassan Ɗantata, kafin ya zama sarkin gyaɗa, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, zuwa Ikko, maimakon watanni a bayan jakuna ta hanyar Gwanja. Mazan jiya da aka kwasa zuwa yaƙin Bama a 1943 da 1944, da yawansu 'yan Arewa ne da ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, suka yi makonni a teku daga Ikko zuwa Indiya. Gyaɗar da aka noma a ƙasar nan ta bi dogo zuwa Apapa ta shiga jirgi. Akwai ma ɓangare mai ɗaci: Hausawan da aka sayar bayi aka ƙetara da su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda tarihi ya rubuta yunƙurinsu na tawaye tun daga 1807. Yau ma takin zamani da babur da wayar da kake karanta wannan rubutu da ita, yawancinsu ta teku suka shigo. Idan kuɗin dakon kwantena ya tashi, a kasuwar Azare ake jin zafinsa.

To, duk wannan tarihi me zai amfana mana? Ga inda maganar take.

A watan Nuwamban 2020 kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Itas/Gadau, mutum 18 suka rasu, akasarinsu yara mata da ke hanyar zuwa aikin gona. Bayan shekara ɗaya, a ƙarshen Nuwamban 2021, jirgi ya nutse a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29. A watan Mayun wannan shekara ta 2021 wani ya nutse a Wara ta jihar Kebbi da mutane sama da ɗari a ciki. Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Na mutum biyu da uku da ake yi a mashigan ƙauyukanmu, daga jana'iza sai zaman makoki, shi ke nan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigi ranar kasuwa a watan Agusta ya san yadda abin yake faruwa. Koginmu ba na shekara ba ne. Da rani yashi ne, mota ma tana bi ta ciki. Jirgi yana kife a rana wata bakwai ko takwas, katako ya bushe ya tsattsage, ƙusoshi su yi tsatsa. Ranar da kogi ya kawo sai a tura shi ruwa, a cusa tsumma a inda yake yoyo, a ba yaro gwangwani ya riƙa kwarfewa. Manyan itatuwan da ake fafe jirgi guda da su sun ƙare, saura na katako da aka harhaɗa. Tsofaffin da suka san ruwa, waɗanda ke duban launinsa da kumfarsa su ce yau ba a fito, sun tsufa ko sun rasu, 'ya'yansu kuma sun koma acaɓa, domin mun mayar da fito sana'ar da ba a alfahari da ita. Sai ka tarar yaro ɗan shekara goma sha biyar ne riƙe da gora, rayukan mutum ashirin a hannunsa.

Sannan ga lodi. Jirgi yana da iyaka, kuma iyakar a bayyane take: tazarar da ke tsakanin bakinsa da fuskar ruwa. Duk buhun da aka ƙara, duk babur ɗin da aka ɗora, tazarar nan raguwa take. Idan ta dawo kamar faɗin tafin hannu, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta shigo. Da ruwa ya shigo sai wani ya firgita ya miƙe tsaye, nauyi ya koma sama, jirgi ya karkata, kowa ya ruga ɗaya gefen, shi ke nan an gama. A cikin ruwa kuma babbar riga da zani da hijabi suna jiƙewa su nannaɗe mutum, wanda bai iya iyo ba ya ƙanƙame wanda ya iya, su tafi tare. Ƙara da kututturan da ambaliya ke jawowa, da fiton dare bayan an tashi daga kasuwa. Mai jirgi yana son kuɗin sawu ɗaya ya yi yawa, mu fasinja kuma ba mai son a bar shi a gaɓa. Gaskiya ɗaya ce: sau da yawa mu ne muke yi wa mai jirgi tsawa idan ya ce ya cika.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, za a ce ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado zai tafi. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ba mu labarin Annabi Nuhu, wanda aka umarce shi ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai zo ba, mutanensa suna wucewa suna yi masa dariya. Shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai kwatanta al'umma, da mutanen cikin jirgin ruwa ya kwatanta ta: idan na ƙasa suka tashi huda jirgi na sama suka zuba musu ido, duka za su halaka. Wanda ya ga an yi lodin da ya wuce kima ya yi shiru, yana cikin masu zuba ido.

Na biyu, za a ce mu gada muke so, maganar kwalekwale koma baya ce. Ni ma gada nake so, kuma wajibi ne mu ci gaba da matsa wa wakilanmu lamba a kanta. Amma mashigai nawa ne daga Shira zuwa Zaki, kuma gada nawa gwamnati za ta gina a shekara goma? Manomin da gonarsa ke tsallaken ruwa ba zai jira kwangila ba. Kuma mun gani da idonmu a daminar 2024, lokacin da ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, cewa kwalta ma tana da ranar da take sallamawa. Duk shekarar da ambaliya ta kewaye ƙauyukan Zaki da Gamawa, da me ake kai musu abinci da magani, da me ake fito da mai naƙuda? Da wannan jirgin dai da muka raina.

Akwai hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, kuma dokokinta sun hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, sun wajabta sa rigar kariya. Amma ƙarfinta ya fi yawa a manyan koguna irin Kwara da Binuwai. Mashigin ƙauye da ke aiki wata huɗu a shekara, in ba mu muka kula da shi ba, babu mai zuwa daga Lokoja ya kula mana. Don haka ga shawarata ga wannan ƙungiya tamu da sauran ƙungiyoyin ci gaban yankin.

Na ɗaya, mu ƙidaya. Matasanmu na kowace gunduma su rubuto mashigan da ke yankinsu, jirage nawa ne a kowanne, wa ke tuƙa su, yaya lafiyarsu. Aikin mako biyu ne a waya da babur. Da wannan takarda a hannu za mu iya tunkarar shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa da magana mai hujja.

Na biyu, a mayar wa sarakunan ruwa da shugabannin masu fito martabarsu. Iyayenmu hakimai da dagatai su zauna da su kafin damina a yi yarjejeniya: a duba kowane jirgi kafin ya shiga ruwa, a ja masa layi da jan fenti a gefe, idan ruwa ya taɓa layin ba a ƙara ko kaza. Ba fito bayan magariba sai da lalura. Ba yaro a kan gora shi kaɗai. Babur da dabbobi sawunsu daban, mutane sawunsu daban. Kuma duk fasinjan da ya zagi mai jirgi don ya ce ya cika, a kai ƙararsa gaban mai gari.

Na uku, rigar kariya. Mun iya tara kuɗin gasar ƙwallo da na walimar naɗin sarauta, ba za mu kasa sayen riguna ashirin ashirin ga mashigai mafi haɗari ba. A damƙa su amana a hannun shugaban mashigi, a rubuta sunan gari a jiki don kada su ɓace. Kafin a samu, ko jarkoki marasa komai da aka toshe bakinsu aka ɗaure da igiya a gefen jirgi sun fi babu. Kakanninmu da gora suke ƙetare ruwa, dabarar ɗaya ce.

Na huɗu, iyo. Mun saba dukan yaro idan ya je rafi, ba mu saba koya masa yadda zai ceci kansa ba. A garuruwan bakin kogi a samu masunta amintattu su koya wa yara maza a ruwa marar zurfi, a samu mata manya su koya wa 'yan mata a keɓantaccen wuri. Mu tuna su wane ne suka fi mutuwa a Itas/Gadau da Bagwai.

Na biyar, tarihi. Dattawan da suka yi fito shekara arba'in da hamsin suna nan da sauransu, amma ba za su daɗe ba. Ɗalibanmu na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh su je da waya su naɗi bakinsu: sunayen mashigai, alamomin ruwa, yadda ake zaɓen ice, shekarun manyan ambaliya. Makarantunmu kuma su shirya ziyara Damaturu. Yaron da ya tsaya gaban jirgin Dufuna aka ce masa a ƙasarku aka yi wannan, ba zai ƙara kallon mai fito a matsayin wanda ya rasa abin yi ba.

Shi kuwa ƙanin nan namu, na neme shi na ba shi haƙuri. Na ce masa ya cika takardar Oron, in bai samu ba ya gwada Jami'ar Harkokin Teku da ke Okerenkoko a jihar Delta, ko ya nemi sojan ruwa. Tekun Nijeriya ta 'yan Nijeriya ce duka, ba a rubuta sunan wata ƙabila a kanta ba. Watakila wata rana shi ne zai dawo ya koya mana yadda ake haɗa jirgin da ba ya yoyo.

'Yan uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ke da mashigi a garinsu ya rubuta mana sunansa a ƙasan wannan rubutu, da halin da jirginsu yake ciki. Daga nan za mu fara.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ambaliya. Amin.